Zungeru: Garin Bakin Kogi da Kaduna Ta Gāda

Yau a filin namu tafiya za mu yi, amma ba sai kin ɗauko mayafi ba. Daga nan tsakar gida za mu je mu dawo, kafin tukunyarki ta tafasa.

Ke da kike zaune a Kamazou, kin san kogin nan da ya raba mu da cikin gari, wanda yara ke ba ki labarin cikarsa duk damina. To, kin taɓa tambayar ina ruwan nan yake zuwa in ya wuce mu? Daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa Kaduna, ya gangara Jihar Neja, har ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nufe, tafiyar kusan kilomita 550. A kan hanyarsa yana bi ta wani ɗan gari mai suna Zungeru, wanda tsofaffi ke kira Dungurum. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Wushishi, kimanin kilomita 60 daga Minna. In kika gan shi yau ba za ki ce ya taɓa riƙe komai ba, alhali kuwa kafin Kaduna shi ne hedkwatar Arewa baki ɗaya.

Ga yadda abin ya faru. A 1900 Turawan Ingila suka ce sun karɓi mulkin Arewa, Gwamna Lugga ya zauna a Jebba. Wurin bai yi masa ba, yana son ya matso kusa da manyan masarautu. Sai a 1902 ya tattara ya koma Zungeru, ƙasar Gwari a bakin Kogin Kaduna. A wancan zamani babu titin mota, kogi shi ne hanya. Jiragen ruwa kan hawo daga Lokoja da kaya, amma duwatsu ba sa barinsu su kai Zungeru, sai su tsaya a Barijuko. Don haka aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo mai mil 22 daga can zuwa sabuwar hedkwata. Shi ne layin jirgin ƙasa na farko a duk Arewa, tun kafin jirgi ya shiga Kano a 1911.

Kada ki ɗauka labarin na daɗi ne kawai. Zungeru ce mazaunin gwamna lokacin da sojan Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Haka kuma a can aka buɗe gidan renon 'yantattun bayi, inda ake ajiye yara da matan da aka ƙwato daga hannun fatake. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, amma waɗanda aka riga aka raba da iyayensu fa? Da yawa ba su san sunan ƙauyensu ba, balle hanyar komawa. Ke da kike goye da naki, ki ɗan yi tunanin uwar da ba ta sake ganin nata ba.

Akwai wata mace kuma a labarin. Sunanta Flora Shaw, 'yar jarida ce a Landan. Ita ce a 1897 ta kawo shawarar a kira ƙasar nan Nijeriya, daga sunan da Turawa ke kiran Kogin Kwara. A 1902 ta auri Lugga, ta biyo shi, amma rashin lafiya bai bar ta ta daɗe ba, ta koma Ingila. Kin ga ke nan sunan da ke kan takardar haihuwar ɗanki daga bakin mace ya fito.

Da gari ya zama hedkwata, sai mutane suka yi ta zuwa: akawu daga Kudu, soja, birkila, masu abinci, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo. A gidan wani akawu aka haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru a 1904, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko a 1963. Da Hausa ya yi wasan ƙasa. A garin dai aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933, wanda ya jagoranci Biyafara a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

To, me ya sa aka tashi? Zafi da sauro sun dami Turawa, ga shi garin ya yi nisa da Zariya da Kano. Kaduna kuwa tana kan babban layin dogo, ga ruwa, ga fili, ga iska mai ɗan sanyi, kuma ba fadar wani sarki ba ce. An haɗa Arewa da Kudu a 1914 Zungeru tana hedkwata, amma zuwa 1917 an kwashe ofisoshi an dawo nan. Ma'aikata suka bi aiki, 'yan kasuwa suka bi ma'aikata. Zungeru ta koma ɗan gari na manoma da masunta da ma'aikatan reluwe.

Me mai ziyara zai gani a can yau? Akwai kufan gidan gwamna, da maƙabartar Turawa, da tashar jirgin ƙasa, da tsohuwar gadar reluwe a kan kogi. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Neja. Sannan ga babbar madatsar ruwa da aka fara a 2013 aka gama a 2023, wadda aka gina don ba da megawat 700 na lantarki. Sama da ita akwai ta Shiroro, tun 1990. Duka biyun da ruwan da ya wuce ta bayan unguwarmu suke aiki. Amma in maigida ko ɗanki zai je, ya fara tambayar lafiyar hanya, don yankin ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan.

Wani yanki na Zungeru ma yana nan kusa da ke. 'Yar gadar ƙafa da Lugga ya gina a can a 1904, an kwance ta an kawo ta Kaduna, an kafa ta a lambun Ƙofar Gamji da ke bakin kogi. Yara da yawa suna zuwa wurin da salla, su hau su ɗauki hoto, ba su san ta girmi garin da suke ciki ba.

Nan ne naki aikin ya shigo, uwargida. Gini yana rushewa in babu mai kula, labari ma haka yake ɓacewa in babu mai faɗa. Yaranmu sun san sunan garuruwan Amurka daga talabijin, amma ka tambaye su Zungeru sai su yi shiru. Yau da dare in an ci tuwo, kafin tatsuniyar gizo, ki tambaye su ina ruwan kogin nan yake zuwa, ki ba su abin da kika ji. In kuma akwai kaka a gidan, a tambaye ta me ta ji game da Dungurum, wataƙila nata ya fi nawa.

Sai mako mai zuwa in muna da rai. A gaida maigida da yara.