Akara Ta Ƙofar Zango

Mutumin Wagini ta ƙasar Katsina da ya ɗaura niyyar zuwa Akara, babban birnin Gana, doguwar hanya ce a gabansa: Katsina, Kano, Legas, ya tsallake iyakar Seme, ya ratsa Kwatano da Lome, sannan ya shiga Gana ta Aflawo. Ya baro ƙasar gero da dawa a gefen dajin Rugu, ya iso garin da tekun Atlantika ya tokare daga kudu. Duk da wannan nisa, da wuya ya yi awa ɗaya a tashar Tudu bai ji ana ciniki da Hausa ba.

Dalilin haka tsoho ne. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, kasuwar Salaga ce matattararsu. Da Turawan Ingila suka ci Ashanti da yaƙi a 1874, da taimakon dakarun Hausawa da Kyaftin Glover ya tara, sai hanyar kudu ta buɗe, ciniki ya fara gangarowa bakin ruwa. A 1877 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Cape Coast aka dawo da ita Akara. Cikin malaman da suka kafa zaman Musulmi a garin akwai Malam Idrisu Naino, wanda asalinsa Bakatsine ne. Ya sami fili daga hannun sarakunan Ga, masu garin, aka yi zango na farko. Ɗansa Malam Baƙo ne ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Nima, wadda ta fi suna yanzu, daga baya ta zo: wani Bafillace dillalin shanu, Malam Amadu Futa, ya kafa ta a shekarun 1930, ta cika ta batse bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ke nan ɗan ƙasar Katsina ba ya shiga Akara a matsayin bare tsantsa.

Tsarin zango har yau na mai masauki ne. Baƙo yakan nemi mutumin garinsu ko wani dattijo da aka haɗa shi da shi, a ba shi wurin kwana, a nuna masa masallaci, a gaya masa unguwar da ba a bi da dare. Hausar da zai ji ta ɗan bambanta da tasa, domin yawancin masu yin ta ba sa rarrabe namiji da mace a magana, kuma da yawansu Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa ko Kotokoli. Kada ya yi dariya, balle ya ce zai gyara musu. Harshen ya zama nasu.

'Yan gari ba sa yawo a tasi sai da dalili. Motarsu ita ce toroto, ƙaramar bas mai yaron mota da ke leƙo da kai ta taga yana kiran unguwanni: Madina, Kaneshi, Sakul. In ka ga yana juya yatsa a iska, Sakul za shi, wato shataletalen Kwame Nkrumah. Kuɗin kujera ƙayyadadde ne, ba a ciniki, kuma ana miƙa shi da hannun dama. Wanda ya iya toroto ya gama rabin sanin Akara, don ita za ta kai shi Makola, inda mata ke riƙe da ragamar kasuwa, da Kantamanto, kasuwar gwanjo da gobara ta cinye mafi yawanta a Janairun 2025 kafin 'yan kasuwa su sake tayar da rumfunansu.

Batun ciki ya fi daɗin bayani. Da asuba layin da za ka gani a bakin titi na koko da ƙosai ne, kuma ma'aikacin banki da ɗan dako duk a layi ɗaya suke. Zuwa hantsi sai shinkafa da wake, wadda ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba a ganye, a ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da ganda, a kawo shito, wato baƙin yaji mai kifi da mai. Mutanen Akara na iya tsallake unguwa uku saboda tukunyar wata Hajiya guda, kuma ƙa'idar da suke bi mai sauƙi ce: inda layi ya fi tsawo, nan za ka tsaya. Da yamma kuma masu tsire sun kunna wuta. Duk wannan girkin arewa ne da ya zama abincin kowa.

A nan ne baƙi da yawa ke yin kuskure. Sun sami Hausa, sun sami tuwo, sun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, sai su koma gida suna cewa sun ga Akara. Zango suka gani. Garin na mutanen Ga ne, kuma zuciyarsa tana Jamestown da Bukom, a bakin ruwa. Can ne tsofaffin ganuwoyin Turawa suke, Ussher da James, waɗanda aka gina a ƙarni na 17, aka tsare bayi a cikinsu, daga baya suka zama kurkuku. A ƙarƙashin hasumiyar fitilar jiragen ruwa kwalekwale ne jere, mata na jiran kifi da kwanoni. Kar ka je ranar Talata da nufin ganin an jawo koma. Ranar masunta ba sa shiga teku, al'ada ta hana. Abincin wurin shi ne kenke, ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara a dafa, a ci da soyayyen kifi da barkono. Bakin da ya saba da tuwon dawa zai ɗan yi gardama da farko. Bukom kuwa gidan damben zamani ne, unguwar da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey, kuma mai son dambe zai iya tsayawa ya kalli yara na atisaye a fili.

Sai a kula da kalandar masu gari. Kafin bikin Homowo, wanda ake yi a wajajen Agusta don tuna yunwar da kakanninsu suka tsallake, sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda, galibi daga Mayu zuwa Yuni. Dokar ta shafi coci da masallaci, har lasifika. Musulmin garin sun san zama da maƙwabta. Babban Limamin Gana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci cocin Katolika a lokacin Ista ta 2019, shekarar da ya cika 100.

Zumunci dai bai hana hukuma aikinta ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Najeriya da yawa suka baro dukiyarsu, Najeriya kuma ta yi irin haka ga 'yan Gana a 1983. Yanzu yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba tare da biza ba. Ka riƙe fasfonka da katin allurar shawara, ka canji kuɗinka zuwa sidi, kuma ka nemi sunan mai masaukinka tun kafin ka bar Wagini.