Abubuwa Bakwai Masu Ban Mamaki Game da Tsofaffin Gine-ginen Katsina

1. Hasumiyar da ta rayu bayan masallacinta. Gobarau tana tsakiyar birni, tsayinta kusan mita 15, kuma dukkanta da ƙasa aka gina ta: gindi mai faɗi, tana tsukewa hawa-hawa har sama. Ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Masallacin da aka gina ta dominsa ya daina zama na Juma'a tun farkon ƙarni na 19, lokacin da Sarki Ummarun Dallaje ya gina wani. Masallaci ya tafi, hasumiya tana nan. A da ba kiran salla kaɗai ake yi a kanta ba, daga can ake hango ƙurar mahara tun ba su iso ganuwa ba.

2. Alƙiblar da aka nuna da sanda. Labarin baka na Katsinawa ya ce da za a aza harsashin masallacin, malamai sun yi ta gardama kan inda gabas take, sai Malam Jodoma ya ɗaga sandarsa ya nuna, mutane suka hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. Daga nan gardama ta ƙare.

3. Tubalin da ba shi da kusurwa. Tubalin maginan dā ba irin bulo ba ne. Da hannu ake mulmula shi, gindi fato-fato, kai a tsuke kamar ƙwai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango kamar mahayin doki, yaro na jefo masa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, yana cafewa yana jerawa a tsaye, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango na hawa, shi ma yana hawa, ba tsani ba katako.

4. Simintin da ya fito daga marina. Kafin buhun siminti ya zo, akwai laso. Ana haɗa katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi, a shafe rufin soro. Bango kuwa makuba ake yi masa, daga ɓawon ɗorawa. Ke nan marini da majemi duk suna da hannu a rufin da ba ya yoyo. Azara kuma daga giginya ake tsago ta, don gara ba ta cika samun sa'arta ba. Da ita ake lanƙwasa bakan gizo, wanda ke ɗaukar rufin babban zaure ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

5. Ɗakunan ƙasa da suka yaye shugabanni. Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, Turawa ne suka kafa ta amma da ƙasa aka gina ta bisa salon Hausawa. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam duk sun zauna a azuzuwanta. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ta zama Barewa. Ginin yanzu gidan tarihi ne, kuma shi da Gobarau suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

6. Ganuwar da ta fi garin girma. Bajamushe Heinrich Barth ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwa da mil 13 zuwa 14, alhali gidaje sun mamaye ɗan yanki ne kawai. Sauran fili gonaki ne, don ko an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci. Yau yawancin ganuwar ta zama filaye da gidaje. Sunayen ƙofofi ne suka tsira: Ƙaura, Ƙwaya, Sauri, Marusa, Durɓi, Guga, da 'Yanɗaka wadda Lugard ya shigo ta cikinta a 1903.

7. Abin koyi ga Katsina: a Ingila, har mashaya doka ta tsaya mata. Can idan gini ya shiga jerin tarihi, ko taga ba ka canzawa sai da izini. Masaukin matafiya na George Inn a Landan, da aka sake ginawa a 1677, yana matakin farko na jerin. A 2015 wani kamfani ya rushe mashayar Carlton Tavern ba izini, ana gab da sa ta a jerin. Hukuma ta tilasta a mayar da ita yadda take, aka sake buɗe ta a 2021.

Namu ginin na ƙasa buƙatarsa ta fi haka. Takardar gwamnati ba ta hana damina zaizaye bango. Sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, an gyara indararo, kuma an samu matasan da za su gaji aikin a hannun tsofaffin magina tun suna raye.