Iyo ba na yara kaɗai ba ne

A nan Madawa da Buza da Keita, in aka ce iyo sai a ce wasan yara ne. Magidanci yana jin kunyar a gan shi cikin tabki. Da yawa daga cikinmu mun tashi a kan dutse, ruwan rijiya kaɗai muka sani.

Amma ƙasar ta sake. Tun 1984, aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ba da kuɗinsa, ya gina madatsun ruwa da yawa a Adar. Ga kuma tsohuwar madatsa ta Ibohamane. Da damina, Majiya da Tarka suna cika. Manomi da makiyayi da mai wanki duk suna aiki a bakin ruwa mai zurfi, kuma kaɗan ne za su iya fitar da kansu in ƙafa ta zame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum wajen dubu 300 a duniya cikin shekarar 2021.

Wani zai ce: "Ni na tsufa da koyon iyo." To, bari mu ba ku labarin wata gasa.

A ƙasashe da yawa ana shirya gasar iyo ta manya. An yi ta farko ta duniya a birnin Tokiyo na Japan a 1986. A gasar duniya, sai mutum ya kai shekara 25 ake karɓarsa. Ana raba mutane rukuni-rukuni: daga 25 zuwa 29, daga 30 zuwa 34, haka dai har sama da 90. Kowa da tsararsa ake auna shi. Ɗan shekara 60 ba ya neman kambu ɗaya da ɗan 30.

Mai son shiga yana rubuta sunansa ta hannun ƙungiyar iyo. Yana faɗin ranar haihuwarsa, da tsawon da zai yi, da lokacin da ya saba yin sa. Shekarun da zai cika ranar 31 ga Disamba su ake ƙirgawa. Kun ga ko a nan ma takardar haihuwa tana da rana.

Wata tsohuwa ƴar Japan, Mieko Nagaoka, ta fara iyo ne bayan ta kai shekara 80, don ta samu sauƙin ciwon gwiwa. A 2015, tana da shekara 100, ta yi iyon mita 1500 cikin kusan awa ɗaya da minti 16. Ba abin mamaki ba ne iyo ya karɓe ta. Ruwa yana ɗauke nauyin jiki, saboda haka gwiwa da baya ba su shan wahala, zuciya da huhu kuma suna ƙara ƙarfi.

Mu ba kambu muke nema ba. Abin da muke so shi ne wanda ya faɗa ruwa ya iya kai kansa gaci. Kamar yadda muka zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura a kai, haka iyo yake koyuwa.

A fara a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kuma ƙasan ba laka mai riƙe ƙafa. Kada a shiga sai da wanda ya iya iyo sosai. Darasin farko shi ne kwanciya rigingine a kan ruwa: a saki jiki, a buɗe hannuwa, a yi numfashi a hankali. Wanda ya iya wannan yana iya jira har taimako ya zo. A tuɓe babbar riga, don in ta jiƙa nauyi gare ta. Mata su koya a tsakaninsu. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, su fara ganin likita.

Akwai wani haɗari da ba za mu ɓoye ba: tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga dodon koɗi na ruwan kwance, ta shiga ta fata, kuma ta fi yawa da tsakar rana. Ku tambayi ma'aikatan lafiya wane tabki ne ya kamu kafin ku zaɓi wurin koyo. Kada a yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti. Akwai magani, sunansa firazikantel.

Korama kuwa in ta kawo, ko gwanin gwanaye ya dakata. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Adar yana tafe da itatuwa da duwatsu, kuma yakan janye bayan ƴan awoyi. In kun ga wani yana nutsewa, kada wanda bai ƙware ba ya faɗa bayansa, domin mai nutsewa yana riƙe mai cetonsa su tafi tare. A yi kururuwa. A miƙa masa doguwar sanda ko igiya daga gaci, ko a jefa masa jarka wadda ba kome ciki, da murfinta a rufe.