Daga shagon haya zuwa WhatsApp: Yadda masu karatu ke tallata wa juna littattafan Hausa

Ba kasafai ake ganin tallar littafin Hausa a allon kan titi ba. Ba a cika sharhinsa a jarida ba, kuma babu wani jadawali da ke fita duk mako yana nuna littafin da ya fi kasuwa.

Duk da haka, littafi kan fito a Kano, kafin wani lokaci ya isa Sakkwato da Bauchi, har ya tsallaka Maraɗi da Damagaram.

Abin da ke kai shi can shi ne bakin masu karatu. Wata ta karanta ta gaya wa ƙawarta, wani ya ara wa abokinsa, mai shago ya miƙa wa mai saye ya ce ya gwada wannan. Tambayar "me kike karantawa yanzu?" ta daɗe tana yi wa adabin Hausa aikin da kamfanonin talla ke yi a wasu ƙasashe.

Lokacin da malami ke zaɓa

A farkon zamanin boko, hukuma ce ke zaɓar abin da za a karanta. A 1933 Hukumar Fassara ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Waɗannan littattafai, da Magana Jari Ce da ya biyo bayansu, ta hanyar aji suka shiga gidaje. Malami ne mai ba da shawara, manhaja kuma ita ce jerin littattafan da aka yarda da su. Ko bayan kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966, makarantu ne babbar kasuwar littafin Hausa.

Mai shago da 'yan makarantar kwana

Lamarin ya sauya daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Matasa, musamman a Kano, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u suna biya daga aljihunsu.

A wannan zango ne aka samu Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Babu kamfanin da ya tsaya musu da talla, kuma babu manhajar da ta tilasta a karanta su. Shagunan hayar littafi ne suka cike giɓin. Mai shago ya san wadda ke son labarin kishiya, ya san mai son na yaƙi da aljanu, don haka idan sabo ya shigo ya san wanda zai ajiye wa.

Matan aure kan aiki yara su karɓo musu. A makarantun kwana na 'yan mata kuwa, littafi ɗaya kan zaga ɗaki guda har bangonsa ya cire.

Yadda ake buga littattafan kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ya ƙara wa hirar armashi. Wadda ta riga samun na biyu ita ce sarauniya a ranar. Marubutan ma sun gane haka, shi ya sa sukan jera sunayen littattafansu da na abokan ƙungiyarsu a shafukan ƙarshe, su kuma sa adireshi don masu karatu su aiko da wasiƙa.

Ba kowa ne ya yi maraba da wannan kasuwa ba. Masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun shafe shekaru suna muhawara a jaridu kan darajar abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano. A 2007 ma an ƙona wasu littattafai a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Amma aron littafi tsakanin ƙawaye bai tsaya ba.

Da waya ta shigo

A yau hirar ta koma zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram. Marubuta da dama ba sa zuwa maɗaba'a ma. Suna sakin labari shafi-shafi a waya ko a Wattpad, wasu kuma ana karanta nasu da murya a YouTube, abin da ya buɗe ƙofa ga waɗanda karatun boko ke yi wa nauyi.

Tsarin da ya zama ruwan dare shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta. Idan labari ya kama mutum, sai ya tura kuɗi ta banki a saka shi a zauren waɗanda suka biya.

A irin wannan tsari, yabon mai karatu kuɗi ne kai tsaye. Saƙo ɗaya daga wadda aka yarda da zaɓinta na iya jawo wa sabuwar marubuciya masu saye, ko da babu wanda ya san sunanta a makon jiya.

Sai dai a nan ne matsalar take. A da, idan ka yaba wa aboki littafi, dole ya saya, ko ya yi haya, ko ya jira ka gama. Yanzu yabon kan zo ne tare da littafin gaba ɗayansa. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa a zauruka, kowa ya karanta ya yi godiya ga wanda ya turo, wadda ta rubuta kuwa ta tashi a tutar babu.

Da yawa daga masu yin haka suna ganin alheri suke yi. Amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, ba na takarda kaɗai ba. Ko ba don doka ba, marubucin da ba ya samun ko kuɗin data daga aikinsa, wata rana zai ajiye alƙalami.

Littattafan da ke ɓacewa

Akwai kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba. Yawancin littattafan shekarun 1990 ba a sake buga su ba, wasu ma babu shekarar bugu a jikinsu. Ɗaya daga cikin sanannun wuraren da aka adana su shi ne jami'ar SOAS da ke Landan, inda Graham Furniss ya tattara su.

Na waya ma ba su tsira ba. A 2023 manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa ke cikin masu sayar da littattafai a kanta, ta rufe. Zauren WhatsApp ma kan watse, waya kan ɓace da duk abin da ke cikinta.

Littafin da ba ya cikin ɗakin karatu, ba ya cikin shago, ambaton masu karatu ne kawai ke nuna ya taɓa wanzuwa. Ranar da aka daina faɗin sunansa, shi ke nan.

Ambato kuma na iya kai littafi nesa. Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, ya samu fassarar Turanci daga Aliyu Kamal, wani kamfani a Indiya mai suna Blaft ya buga shi a 2012.

Akwai kafofin da ke faɗaɗa abin da ake yi wa juna shawara a kai. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da sunayen marubuta mata da dama. Bikin baje kolin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF, wanda aka fara a Kaduna a 2021, yana haɗa marubuta da masu karatu ido da ido.

Amma bikin shekara-shekara ba zai maye gurbin hirar yau da kullum ba. Nauyin yana kan mai karatun da aka tambaya abin da yake karantawa.

Amsar da ke amfanar kowa ita ce wadda ta ƙunshi sunan littafi, da sunan marubucinsa, da dalilin da ya sa ya burge, da wanda ya dace ya karanta shi, domin abin da ya dace da uwargida ba lallai ya dace da 'yar sakandare ba. Sannan a faɗi inda ake sayensa, a bar mai so ya biya da kansa.