Yadda Baƙaƙen Fata Na Amurka Suka Ƙwato Sunansu Da Alƙalami

Abin da aka fara ƙwace wa bawa idan jirgin ruwa ya sauke shi a gaɓar Amurka shi ne sunansa. Daga nan sai harshensa, sa'an nan labarin iyayensa da garinsu. Saboda haka duk wanda ya duba littattafan da jikokin waɗannan bayi suka wallafa cikin shekara ɗari biyu da hamsin, zai tarar kusan tambaya guda ce ke cin ransu, watau su wane ne su, kuma daga ina suka fito.

A cikin 1761 aka sauke wata yarinya 'yar kimanin shekara bakwai a Boston, aka laƙaba mata sunan jirgin da ya kawo ta, Phillis, aka haɗa da sunan ubangidanta, Wheatley. Da ta tashi fitar da littafin waƙoƙinta a Landan a 1773, sai da manyan garin Boston mutum 18, har da gwamna, suka sa hannu a takardar shaida cewa lalle ita ta tsara su. Dalili kuwa shi ne Turawa da yawa ba su yarda baƙar fata na da basirar yin waƙa ba.

Iyayengijin bayi sun san haɗarin alƙalami. Tun 1740 dokar Karolina ta Kudu ta yanka tarar fam 100 a kan duk wanda ya koya wa bawa rubutu. Duk da haka Frederick Douglass ya koyi karatu a ɓoye, ya gudu daga bauta, ya buga tarihin rayuwarsa a 1845, littafin ya zama babban makami a hannun masu yaƙi da bauta.

WAƊANDA SUKA TAFI DA KARATUNSU

Akwai kuma bayin da suka isa Amurka da karatunsu tun daga gida. Umaru ɗan Sa'idu malami ne daga Futa Toro, an kama shi a 1807 aka kai shi Charleston. Da ya gudu aka tsare shi a kurkuku, sai aka gan shi yana rubuta Larabci a jikin bango. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci, ya kuwa buɗe shi da Suratul Mulk, surar da ke tabbatar da cewa mulki na Allah ne shi kaɗai. Masana da dama na ganin amsa ce ya ba masu da'awar mallakar ɗan'adam. Ya rasu yana bawa, amma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sayi wannan rubutu nasa a 2017.

Wanda ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne Muhammadu Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya ce. An kai shi Barazil bawa, ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, ya zauna a Haiti, ya dawo Amurka ya yi makaranta, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. A ciki ya bayyana kasuwanni da sarauta da al'adun ƙasarsu dalla-dalla. A 1855 ya haye Ingila da burin samun hanyar komawa gida.

RUBUTU DA KIƊA DA ZANE

Bayan an soke bauta a 1865, wariyar launin fata ta maye gurbinta, har mutum kimanin miliyan 6 suka yi ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970. Unguwar Harlem ta New York ta zama matattarar marubuta da makaɗa da masu zane. Langston Hughes ya ɗauki amon kiɗan blues da jazz na talakawa ya gina waƙoƙinsa a kai. Aaron Douglas ya ƙawata littattafan marubuta da zane-zanen da ya aro fasalinsu daga Masar da sassaƙen Afirka ta Yamma. Jacob Lawrence ya ba da labarin ƙaurar nan cikin hotuna 60 a 1941, daga baya ya nuna aikinsa a Nijeriya a 1962, ya kuma dawo ya zauna a Legas da Ibadan a 1964.

Amma neman asali ba ya rasa ɗaci. Lokacin da Hughes ya zo Afirka ta Yamma a 1923 yana ma'aikacin jirgin ruwa, mutanen da yake ɗauka 'yan'uwansa sun dubi hasken fatarsa suka kira shi Bature. A Amurka an ƙi shi don baƙi ne, a Afirka kuma an ƙi yarda da baƙinsa.

Wannan ƙishirwa ce ta sa Roots na Alex Haley ya girgiza Amurka a 1976, da labarin Kunta Kinte na Gambiya wanda ya ƙi sakin sunansa. Masana tarihi sun soki sahihancin salsalar da Haley ya kawo, a 1978 ma ya biya wani marubuci diyya kan sassan da aka ɗebo daga littafinsa. Duk da haka dubban iyalai sun shiga binciken kakanninsu a dalilinsa.

Toni Morrison ta bi wata hanyar. Ta ɗauki labarin Margaret Garner, baiwar da ta tsere a 1856, wadda da aka rutsa ta sai ta kashe 'yarta don kada a mai da ita bauta, ta gina littafinta Beloved na 1987 a kansa. A 1993 ta zama baƙar mace ta farko da ta sami lambar Nobel ta adabi, shekara 220 bayan da aka nemi shaidu kafin a yarda Phillis Wheatley ta iya waƙa.