Uwar Garke Guda Ɗaya Da Aka Manta Da Ita

Ranar Laraba 1 ga Agusta 2012, da ƙarfe 9:30 na safe, aka buɗe kasuwar hannun jari ta birnin New York a Amurka. Cikin kimanin minti 45, kamfanin dillancin hannun jari na Knight Capital ya yi asarar fiye da dala miliyan 460, kamar yadda binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ya tabbatar. Ba ɓarayi ne suka kutsa cikin na'urorinsa ba. Musabbabin abin shi ne kuskure wajen girka sabuwar manhaja.

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana. Manyan ma'aikatu kan ajiye irinta da yawa domin su raba aiki, kuma wajibi ne manhajar da ke cikinsu ta zama iri ɗaya. Knight Capital yana da guda takwas masu aika odar saye da sayarwa zuwa kasuwa. Daga 27 ga Yuli aka fara saka musu sabuwar manhaja, amma ma'aikacin da ke aikin ya tsallake guda ɗaya, kuma babu wani na biyu da ya bi sawunsa ya duba. A cikin ta takwas ɗin akwai wani tsohon sashe mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge shi ba. Alamar da aka ware domin kunna sabon aikin ita ce dai wadda take tada tsohon a da. Da oda 212 suka iso wannan na'ura, sai ta shiga aika umarni babu ƙaƙƙautawa, har aka ƙulla ciniki sama da miliyan 4 a hannayen jari iri 154. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Domin kauce wa irin wannan mantuwa ne masana ke rubuta jerin umarnin girkawa, wato fayil da ke ɗauke da matakan aikin daki-daki, wanda kwamfuta za ta bi da kanta. Sai dai shi ma jerin ɗan Adam ne ya rubuta shi, don haka tilas a gwada shi. Da farko akan gwada shi a kan na'ura sabuwa fil, domin wadda marubucin ya saba aiki da ita tana iya ɓoye abin da ya manta bai rubuta ba. Sannan akan maimaita shi sau biyu a jere, a ga ko karo na biyu zai ɓata abin da na farko ya gyara. Akan kuma katse shi da gangan a tsakiyar aiki, a ga halin da zai bar na'urar. A tsarin Unix, kowane umarni yakan mayar da lamba idan ya kammala: sifili na nufin nasara, wata lamba dabam kuwa matsala. Jerin da ba a umarce shi ya duba wannan lamba ba zai wuce kuskuren ya ci gaba, har ma ya sanar cewa ya gama lafiya. Mataki na ƙarshe shi ne tantancewa: a lissafo daga kowane fayil wata lamba mai kama da zanen yatsa, a kwatanta ta a dukkan na'urorin. Da an yi haka, da ta takwas ta fita zakka tun kafin a buɗe kasuwa.

Bayan girkawa sai sa ido. Kowace uwar garke tana rubuta abubuwan da suka faru a cikinta a wani kundi. Tsarin syslog, wanda Eric Allman ya ƙirƙiro a shekarun 1980, ya kasa saƙonnin zuwa matakai takwas, daga 0, wato na'ura ta durƙushe, zuwa 7, wato bayanin da mai gyara kaɗai ke buƙata. Manhajoji irin su Nagios kuma kan riƙa leƙa na'urori a kai a kai, su yi ƙararrawa idan wani abu ya tsaya.

To amma ƙararrawar da ba a ɗora wa kowa alhakin amsa ta ba, ba ta da amfani. A safiyar ranar, tun daga misalin ƙarfe 8:01, na'urorin Knight Capital sun aika wa wasu ma'aikata saƙonnin imel har 97 masu ambaton Power Peg. Ba a tsara su a matsayin gargaɗi ba, kuma ba a ɗauki mataki a kansu ba. Da wuta ta kama, injiniyoyi suka cire sabuwar manhajar daga na'urori bakwai masu lafiya, lamarin da ya ƙara dagula al'amari.

A 2013 hukumar ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12, kuma a shekarar ce ya haɗe da kamfanin Getco. Darasin ya shafi duk mai kula da na'urorin banki, asibiti ko jami'a: aikin girkawa bai ƙare ba sai an tabbatar da kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, an kuma san wanda zai tashi idan ƙararrawa ta kaɗa.