Gudun turba: wasan da ƙasar Madarunfa ta dace da shi

A Turai da Amurka akwai wani nau'in gudu da ya samu karɓuwa cikin shekaru 20 da suka wuce, wanda ake barin kwalta da filin wasa a bi turbar ƙafa ta cikin duwatsu, kwazazzabai da gonaki. Faransawa na ce masa tirel. A Hausance, gudun turba ne. Gasarsa da ta fi suna ita ce ta kewaya dutsen Mon Bulan, wadda aka soma a garin Shamoni na Faransa a 2003, mai tsawon kilomita kusan 170. A Maroko kuma tun 1986 ake gudun rairayin Sahara na kilomita wajen 250 cikin mako guda. To amma akasarin masu wannan wasa ba su taɓa zuwa gasa ba. Abin da suke yi shi ne gajeren kewaye na kilomita 5 zuwa 10, su tashi daga wuri su dawo wurin.

Irin wannan kewaye ba ya buƙatar dutse mai ƙanƙara. Madarunfa, da ke kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi, tana da abin da ake nema: jigawa mai rairayi, fadamar Gulbin Maraɗi, zaizayar da ruwan damina ke yankewa a gefen tudu, da turbobin da manoma, makiyaya da masunta suka daɗe da takawa. Ga kuma tafkin, wanda aka sanya cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunansa ga UNESCO tare da gandun dajin garin da kaburburan waliyyai 99 da ake faɗar suna kewaye da shi. Mai gudun safe a nan yakan wuce ƙarƙashin gawo da tsamiya, ya iske balbelu a bakin ruwa da masunta na jan koma.

Bambancin turba da kwalta a ƙafa ake jin sa. A rairayi mai laushi ƙafa na nutsewa, ƙarfin da aka tura ƙasa ba ya dawowa, shi ya sa gudu a kansa ke cin ƙarfi fiye da sau ɗaya da rabi na gudu a ƙasa mai tauri. Wanda ya saba yin kilomita 8 a gefen hanyar mota zai iya galabaita a kilomita 5 na jigawa, kuma ba ragwanci ba ne. Dabarar ita ce a gajarta taku, a sa ido ƴan taku kaɗan a gaba, a hau tudu da tafiya idan numfashi ya ƙi. Gwanayen Turai ma tafiya suke yi a hawa mai tsanani. Ribar ita ce gwiwa ba ta shan dukan da take sha a kwalta, amma idon sawu na cikin haɗarin targaɗe, musamman wajen gangara.

Ga mutanen gari, maganar ta wuce nishaɗi. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke wuni a zaune, ya hau kabu-kabu ko da zai je bayan gida biyu, shi ne hawan jini da ciwon suga ke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Kewaye uku na rabin awa sun biya wannan bashi, ba tare da an kashe ko dala ba in ban da kuɗin takalmi. Wanda ya haura shekara 40, ko yake shan magani, ya fara biyawa ta wurin likita a auna jininsa.

Takalmin kuwa ba abin wasa ba ne. Ƙarangiya da ƙayar aduwa ba sa jin kunyar silifa.

Lokaci ma da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kau da amfanin gona, turbobi a buɗe suke kuma safiya da sanyi, sai dai ranar da hazo ya yi kauri gara mai asma ya zauna gida. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, don haka gudu sai daga sallar asuba zuwa hantsi, da gorar ruwa a hannu. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, ita ce kuma ta fi jawo rigima: gero da dawa sun rufe hanya, macizai sun fito, gulbi na iya cikowa da ruwan da aka yi can wajen Jibiya alhali a nan ko ɗigo bai sauka ba. Wanda ya ratsa shukar mutum don rage hanya, shi da mai gona ne a gaban mai gari. Haka nan ba a faɗa wa tafki don wanke zufa, saboda ruwan kwance na ɗauke da tsargiya. Kusa da kaburbura kuma a sassauta, a suturta jiki, domin wurin ziyara ne.

Saura batun tsaro, wanda shi ne ya fi nauyi. Shekarun nan ƙauyukan gundumar Madarunfa da ke bakin iyaka sun sha fama da ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma dajin Baban Rafi, duk da kyansa, ba wurin gudu ba ne a yanzu. A nan ne gajeren kewaye ya fi doguwar hanya amfani, tunda mai gudu ba ya nisa da gari ko ƙauye. A fita mutum uku ko huɗu, bayan gari ya waye, a faɗa wa na gida turbar da za a bi da lokacin dawowa, sannan a tambayi mutanen ƙauyen da za a ratsa halin da ake ciki kafin a ɗaura takalmi.